Me ya sa umarnin make ke neman kayan da ba ka da su?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Zancen yau na masu sauke kod ɗin manhaja ne su haɗa da kansu, irin manhajojin nan da kod ɗinsu a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san yadda take kayawa: ka buɗe taminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ./configure, rubutu ya dinga gudu a allo, can sai ya tsaya cak ya ce bai ga kaza ba, ka je ka saka kazan ka dawo, ya ce ai saura wani.

Matakan da aka saba guda uku ne. Shi configure ɗan leƙe ne, yana zagaya kwamfutarka ya ga ko akwai kompaila na C, wato manhajar da ke mayar da kod ɗin yaren C abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, ko akwai laburaren da ake buƙata, wato kod ɗin wasu da manhajar ta dogara da shi. Sai make ya haɗa kod ɗin ya zama manhaja mai aiki, sannan make install ya kai ta mazauninta. Shi make ɗin nan tsoho ne tukuf, Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976, kuma har yau in ka sa sarari a inda ake son Tab a cikin Makefile, wato fayil ɗin da ke gaya masa ayyukan da zai yi, ba zai yarda ba.

To ga inda nake so mu tsaya. In ka rubuta make shi kaɗai ba ka ƙara komai ba, aikin farko da ya tarar a Makefile shi zai yi, yawanci sunansa all. Duk abin da masu manhajar suka zuba a cikin all ɗin nan, kowa sai ya ɗauki nauyinsa, ko yana so ko ba ya so.

Mu ɗauki Git misali, manhajar nan ta bin diddigin canje-canjen kod. Ban da kompaila yana son zlib da curl da expat, yana son gettext saboda fassarar saƙonni, da Perl, da Tcl/Tk saboda gitk da git-gui, manhajojinsa masu taga. Amma sun bar maka ƙofa, in ba ka buƙatar fassara ka ce NO_GETTEXT, in ba ruwanka da gitk ka ce NO_TCLTK. Abin da ya fi burge ni shi ne takardun bayani ba sa cikin all, sai ka ce make doc da bakinka, lokacin ne za a nemi asciidoc da xmlto, kayan haɗa takardun.

Me ya sa wannan ya dame ni? Akwai wata ƙaramar manhaja da na taɓa son gyara layi biyu kacal a cikinta, ashe sun cusa haɗa littafin PDF a cikin all, shi kuma PDF ɗin sai da LaTeX, manhajar tsara rubutu, wanda cikakkensa gigabait ne masu yawa. Datar wayata nake jona wa laftof, cajin ya kusa ƙarewa, ga ba wuta. Rufewa na yi kawai. Gyaran nan har yau bai isa wurinsu ba, kuma wallahi na tabbata ba ni kaɗai hakan ta kora ba. Wanda ya rubuta Makefile ɗin komai na kwamfutarsa tun tuni, shi ba ya jin nauyin, baƙo ne ke ji.

Ko manya ma abin na shafarsu. A Fabrairun 2021 laburaren cryptography na Python ya fitar da siga ta 3.4, wadda ba ta haɗuwa daga kod sai da kompaila na yaren Rust. Dalilinsu mai ƙarfi ne, tsaro suke nema, amma washegari mutane da yawa, musamman masu amfani da Alpine Linux, sun tashi sun ga pip install, umarnin saka laburaren, ya daina musu aiki, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Sai wanda ya fi tayar da hankali. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa. Ya bi diddigi har ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a xz, manhajar matse fayiloli, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. A ina aka ɓoye ta? A matakan haɗawa. Mugun kayan na kwance cikin fayilolin gwaji, shi kuma abin da ke tayar da shi yana cikin wani fayil mai suna build-to-host.m4 a ƙunshin da ake saukewa, wurin da kusan ba mai karantawa, don kowa idonsa na kan kod ɗin C.

Don haka in kai ke da manhaja, roƙona shi ne ka bar make ya haɗa ita manhajar kawai, takardu da gwaje-gwaje masu nauyi ka ware musu nasu umarnin, kuma ka rubuta kayan da ake buƙata a README ɗaya bayan ɗaya, sannan ka gwada a sabuwar kwamfuta wadda ba komai a kanta. In kuma kai ne mai saukewa, fara karanta INSTALL, ka buga ./configure --help ka ga abin da za ka iya kashewa. Masu Debian da Ubuntu ku saka build-essential, ƙunshin da ke ɗauke da kompaila da make, kuma in ya ce bai ga laburare ba alhali ka san yana nan, ƙunshin da ke ƙarewa da -dev yake nufi, kamar libssl-dev.