Bencin Wurin Shaƙatawa: Daga Ƙafa Yake Fara Lalacewa

Duk bencin da kuka ga ya karkace a wurin shaƙatawa a Kano, ku fara duba ƙafarsa. Nan ruwan damina ke kwanciya, nan gara ke hawa, nan kuma tsatsa ke fara cin ƙarfe.

Mu ɗauki na ƙarfe. Mai walda zai iya haɗa shi da fayif mai kaurin milimita 1 don ya rage kuɗi, a shafe da fenti ya yi ta sheƙi. Kada ku yarda da abin da bai kai milimita 2 ba, kuma a auna tun a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin a biya. Fayif rami ne da shi. In aka bar bakinsa a buɗe, ruwan Agusta zai shiga ya zauna, ya ci ƙarfen ta ciki alhali fentin waje lafiya lau. A toshe bakin da walda, a huda ƙaramar kafa a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. A kankare wurin waldar, a shafa jan fentin hana tsatsa sau 2, sannan fenti mai mai. Amma fa mazaunin ƙarfe a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ya zaunuwa sai a inuwar darbejiya. Ga kuma 'yan jari-bola, don haka a binne ƙafafun cikin kankare zurfin santimita 40.

Kankare ya fi ƙarfe da katako jure wahala, in an yi kwaɓin gaskiya: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Rodi mai milimita 10 ya isa, amma kankare ya rufe shi da aƙalla santimita 3 ta kowane ɓangare. In rodi ya matso waje, danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren. Ban ruwa kwana 7, safe da yamma, musamman da hunturu, don busasshiyar iska tana shanye ruwan kafin siminti ya kama.

Katako ya fi daɗin zama. A 'Yan Katako na Na'ibawa ku nemi loko ko maɗaci busasshe, don ɗanye hunturu zai murɗe shi ya tsage. A ɗaure da noti, ban da ƙusa, a bar tazarar santimita 1 tsakanin falankai. Baƙin mai yana korar gara, amma yana ɓata fararen kaya, gwamma a shafa maganin gara na gwangwani.

A ganinmu, haɗin da ya fi riba shi ne ƙafafun kankare da mazaunin katako, tsayin santimita 45 daga ƙasa. Katakon bai taɓa ƙasa ba balle gara ta same shi cikin sauƙi, kuma in falanki ɗaya ya tsage, kafinta ya kwance noti ya canza shi kaɗai.