Ƙarar alƙali wurin na gaba da shi: lacca kan umarnin mandamus a Amurka

Assalamu alaikum. Ina fata na baya kuna jina.

A kotunan tarayya na Amurka, ƙa'ida ita ce sai alƙali ya yanke hukuncin ƙarshe kafin ka ɗaukaka ƙara. To idan ya yi maka ɓarnar da kafin shari'a ta ƙare aikin gama ya gama fa? Nan ne lauyoyi ke neman mandamus, kalmar Latin mai nufin "mun umarta". Za ka roƙi kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta wa alƙalin ƙasa ya yi abin da doka ta ɗora masa. Ikon yin haka ya samo asali tun daga dokar kafa kotuna ta 1789. Lauyoyinmu sun san kalmar, don da ita lauya Gani Fawehinmi ya kai har Kotun Ƙolin Najeriya a 1987 kan kisan ɗan jarida Dele Giwa.

Amma ƙofar ƙarama ce. A shari'ar Cheney (mataimakin shugaban Amurka na lokacin) ta 2004, Kotun Ƙolin Amurka ta jero sharuɗɗa uku: ba ka da wata mafita, haƙƙinka a fili yake ba jayayya, sannan kotun ta gamsu cewa umarnin ya dace. Ku riƙe na biyun. Nuna cewa alƙali ya yi kuskure bai isa ba, alƙalai kullum suna kuskure. Ana iya watsi da takardarka ba tare da an ko nemi amsar abokin shari'arka ba. Kuma ka tuna, wurin alƙalin da ka kai ƙara za ka koma.

Ana dacewa wani lokaci. A 2008 kamfanin Volkswagen ya samu umarnin, bayan an yi haɗari a Dallas amma aka shigar da ƙararsa a garin Marshall, nisan mil 150 da 'yan kai. Kotu ta ce a mayar da shari'ar Dallas.

Janar Michael Flynn kuwa, tsohon mai ba Shugaba Trump shawara kan tsaro, a 2020 ma'aikatar shari'a da kanta ta nemi janye tuhumarsa, Alƙali Emmet Sullivan ya ce sai ya saurari bayani tukuna. Flynn ya nemi mandamus a kotun ɗaukaka ƙara, alƙalai biyu cikin uku suka ba shi umarnin a watan Yuni. A ƙarshen Agusta cikakken zaman kotun, takwas da biyu, ya soke shi, saboda Sullivan bai ma yanke komai ba balle a ce babu mafita. Afuwar Shugaba Trump ce ta fitar da shi a Nuwamba.