Me Ya Sa Ba A Ganin Ƙarfe A Kwata?

An rubuto daga laccar da aka gabatar a taron matasan unguwa a Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Malamanmu, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan'uwana matasa, barkanku da yamma.

An ce in yi magana kan tsabtar muhalli, to bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa ganin guntun rodi ko tsohuwar tukunya ta kwana biyu a kwata? Babu. Kafin gari ya waye ɗan bola-jari ya tsince ta, an ɗora a sikeli, an biya shi. Ku leƙa kasuwar Panteka ku gani: a narka gwangwani a zuba tukunya, a yanka tsohon durom a fitar da kurfoti. Robar lemo ma ba ta daɗewa a ƙasa, masu zoɓo da kunun aya na jiranta. Ba wanda ya tara mutanen nan ya yi musu wa'azi. Abin yana da kuɗi ne, shi ya sa.

To ledar fa? Baƙar leda da ledar fiya wata, wa ke sunkuyawa ya ɗauka? Ka sayi Maggi na naira hamsin a ƙulla maka a leda, ka sayi tattasai a ƙara wata, a haɗa su a ta uku. Kyauta aka ba ka, kyauta za ka yar. Ban ce leda ce ta kawo ambaliyar 2012 ko ta 2022 ba, wannan ruwan sama ne da cikar koguna. Amma ruwan da ke shiga ɗakin makwabcinka a watan Agusta, galibi lambatu ne ya toshe. Ledar da ta samu hanyar wucewa kuma sai Kogin Kaduna.

Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin tunkiya. Dunƙulen leda ne, ya murɗe ya yi tauri. Dabba tana ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani, bai san ciki ya cushe ba. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri in taɓo ku kaɗan. Wannan hura gawayi da leda da ake yi, ana fifita, jariri na goye a baya, hayaƙin nan guba ne, kuma ƙirjin yaron yake shiga. Na san kananzir ya yi tsada, amma ƙirare ko busasshen ɓawon rake za su kama wuta.

Dattawa a nan sun san zamanin duba-gari, sun kuma san shekarar 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari. Daga wancan zamani muka gaji sharar ƙarshen wata. Amma yaya muke yin ta? A kwashe kwata, a tara a bakin titi, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Motar shara ba ta zo ba, ruwa ya sauko, ya mayar da komai inda aka ɗebo shi. Wata mai zuwa a sake.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ma a 2024 ta hana farar robar nan da ake zuba abinci. Doka tana da amfani, ban musa ba. Sai dai ni a ganina, a garin nan kafin dokar ta yi aiki sai leda ta yi farashi. Mai shago ya ce leda naira ashirin ce, ku ga in Hajiya ba ta fito da kwando daga gida ba. A gida kuma a daina gwamutsa shara: ɓawon doya na akuya ne, gwangwani da roba na sayarwa ne, abin da ya rage ba shi da yawa.

Alhaji, na ga kana murmushi, kuma na san kana da kamfanin fiya wata. Motarka tana zuwa shaguna cike, tana komawa wayam. Ka sa ɗan farashi a kan buhun ledar da aka shanye, direbanka ya riƙa karɓa, akwai masu narka ta su yi wasu kayan roba. Yaran unguwar nan za su tsince maka ita har ta cikin kwata. In lissafin bai fita ba, ga makirfo, ka zo ka faɗa mana inda ya karye.