Kogon kilomita 680: wai wa ya haƙa shi?

To jama'a, tun da hoton kogon Mammoth ya fara yawo ana cewa tsawonsa ya haura kilomita 680 mutane suka yi ca, wannan ya ce ƙarya ne, wancan ya ce mutanen da ne suka haƙa, har da masu cewa aikin aljanu ne. Aljanu dai a wannan karon babu ruwansu.

Kogon na jihar Kentoki a Amurka, shi ne mafi tsawo da aka taɓa aunawa a duniya. Bayansa ga Ox Bel Ha a Meziko, wanda ruwa ya cika shi sai masu nutso da tukunyar iska ke shiga, ga Shuanghe a lardin Guizhou na ƙasar Sin, kowanne ya wuce kilomita 400. Kuma duk a cikin dutsen farar ƙasa suke, wanda ake yin siminti da shi, ko ɗan uwansa dolomait.

Yawwa, ga inda ake kuskuren. Da an ce ruwa ne ya yi kogo sai mutum ya hango ambaliya tana bugun dutse da ƙarfi kamar yadda take cin gefen kwari. A'a. Ruwan nan narkar da dutsen yake yi, kamar sukari a kofi, illa dai shi wannan sukarin sai a hankali a hankali. Ruwan sama idan ya sauka ya ratsa ƙasa yana kwasar iskar kabon dayoksaid da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya koma asid mai rauni sosai, irin wanda ke cikin lemon kwalba mai gas ɗin nan. Akwai 'yan tsagogi a jikin dutsen, waɗanda ko allura ba za ta shige ba. Nan ruwan ke sulalewa.

Matsalar ita ce a tsaga siririya haka ruwan na saurin ƙoshi, ya ɗan narkar da dutse kaɗan shi ke nan ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ya ci gaba da tafiya kusan a banza. Shi ya sa wannan mataki ke cin dubban shekaru, wani lokaci dubbai goma-goma, ba abin da ido zai gani. Amma ranar da wata tsaga ɗaya ta buɗe ta kai kamar santimita guda, to labari ya canza, ruwa ya fara gudu sosai, sabon ruwa mai yunwa yana shigowa kafin na farko ya ƙoshi, sai ta ƙwace ruwan sauran tsagogin da ke kusa da ita ta yi ta faɗi su kuma suna nan yadda suke. Ni wallahi wannan wurin ya fi burge ni a duk labarin, mai shi ake ƙara wa.

Sauran labarin kuma a taƙaice. Saman Mammoth akwai shimfiɗar dutsen yashi da ba ya narkewa, shi ne rufin da ya hana kogon ruftawa. Kogin Green da ke gefe yana ta zaizaye ƙasansa yana ƙara zurfi, duk lokacin da ya sauka ruwan cikin kogon ya bi shi ya buɗe sabon hawa a ƙasan tsohon, kamar bene amma ana gina shi daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka kilomita 680 ɗin nan ba miƙaƙƙen rami ba ne, jimillar duk lunguna ne da aka auna, wasu kan wasu. A 1972 ma aka gano hanyar da ta haɗa shi da maƙwabcinsa kogon Flint Ridge, lissafi ya yi tsalle dare ɗaya.

Hawan ƙasan can kuwa duhu ne da laka, sai ƙarar ruwa. Har yanzu yana kan aiki.