Hapi: Abin Bautar da Misirawan Dauri Suka Jingina wa Cikar Kogin Nilu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu Masar ta zamanin Fir'aunoni, ƙasar da ruwan sama bai cika sauka ba, amma ta shafe dubban shekaru tana cika rumbunanta da alkama da sha'ir.

Sirrin yana cikin kogi. A wancan zamani, kowace shekara, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, Nilu yakan cika ya tumbatsa ya shafe gonaki. Idan ya janye sai ya bar baƙar laka mai maiƙo, manomi ya watsa iri ba tare da ya nemi taki ba. Duk wanda ya taɓa noman fadama ya san darajar irin wannan laka. To, wannan cikar ita Misirawa suka ɗauka abin bauta, suka kira ta Hapi. A lura da kyau: kogin kansa sunansa daban, Hapi shi ne zuwan ruwan.

Ku dubi yadda suka zana shi. Namiji ne mai gemu, amma da ƙaton tumbi da nonuwa a zube kamar na mai shayarwa, fatarsa shuɗiya ko koriya, a kansa furen bado ko ciyawar fafirus wadda suke yin takarda da ita, hannuwansa riƙe da faranti shaƙe da abinci. Ba takobi, ba kambun sarauta. Mutumin da ya san yunwa ne ya yi wannan zane, ya zana ƙoshi kamar yadda yake mafarkinsa. A jikin kujerun gumakan Fir'auna Ramsis na Biyu a garin Luksor, za ka ga Hapi biyu suna ɗaure bado da fafirus wuri guda, alamar cewa ruwa ɗaya ne ya haɗa kudancin ƙasar da arewacinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, Amun, babban abin bautarsu, yana da katafaren ɗakin bauta a Karnak, amma Hapi ba a san shi da irin wannan gini ba. Bautarsa a bakin ruwa take. Idan lokaci ya yi sai a jefa gurasa da 'ya'yan itace da ƙananan gumakansa cikin kogi, ana waƙe-waƙe. A Jabal Silsila, inda duwatsu suka matse kogin, sarakuna irin su Seti na Ɗaya da Ramsis na Biyu sun sa an sassaƙa rubutun hadayar da suka yanka masa. Sun yi imani yana zaune cikin wani kogo kusa da Aswan, daga can yake sako ruwa. Alamar zuwansa kuwa ita ce fitowar tauraron Shi'ira da asuba, tauraron nan da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Najmi, inda ya ce Allah ne Ubangijinsa.

Ba su tsaya ga roƙo kawai ba, suna awo. A tsibirin Elefantin akwai matakalar dutse da ta gangara cikin kogi, an tsattsaga mata layuka, da ita ake sanin inda ruwa ya kai, har a ƙiyasta harajin shekara. Wani marubuci ɗan Rum na ƙarni na 1 ya rubuta cewa kamu 12 yunwa ce, kamu 16 kuwa farin ciki. Kamu huɗu kacal tsakanin biki da makoki! Idan kuma ya wuce kima, sai ya narkar da gidajen laka. Wanda ya karanta labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, da shekaru bakwai na fari, ya san irin fargabar da ake kwana da ita a wannan ƙasa. Awon bai mutu da Fir'aunoni ba: a shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, an gina ma'aunin tsibirin Rauda a Alƙahira, yana nan har gobe.

Ruwan dai ba daga kogon Aswan yake fitowa ba. Damina ce ta tsaunukan Habasha, take gangarowa daga tafkin Tana ta Shuɗin Nilu, ta haɗu da Farin Nilu a Khartum, ta ɗauko lakar ta kai Masar. A 1970 aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan, cikar ta daina isa gonaki, lakar tana kwantawa a tafkin Nasir da ke bayan madatsar, manomi ya koma sayen takin zamani. Tun 2011 kuma, da Habasha ta fara gina tata madatsar a kan Shuɗin Nilu, hankalin Alƙahira ya koma can, wurin da ruwan yake fitowa tun farko.

A huta lafiya, sai mun sake haɗuwa.