Haɗa rautoci daga kamfanoni daban-daban ba tare da raunana tsaro ba

Assalamu alaikum. Ƙa'idar Wi-Fi ɗaya ce ga kowane kamfani, shi ya sa wayar Samsung ke hawa rautar TP-Link (na'urar da ke raba intanet a gida) ba gardama. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen saiti.

Ku juya rautar ku duba takardar da ke manne a ƙasanta, nan adireshin shiga yake. Yawancin TP-Link da D-Link 192.168.0.1 ne, Linksys da Netgear 192.168.1.1, na Huawei masu ɗaukar layin waya kuma 192.168.8.1. Ku rubuta shi a burauza. Kuna shiga, ku canza kalmar sirrin shafin saitin, wadda daban take da ta Wi-Fi. Barin wadda kamfani ya sa ne ya ba muguwar manhajar kutse mai suna Mirai damar kama ɗimbin rautoci da kyamarori a 2016.

Sai nau'in tsaro. Ku zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, in babu shi WPA2 mai AES (salon ɓoye bayanai). Kada ku taɓa WEP, cikin mintuna ake fasa shi. TKIP, tsohon salon ɓoye bayanai, ma ku bar shi, domin ban da rauni, yana daƙile gudu ya tsaya a megabit 54.

Nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna. Tsohuwar firinta ko kyamarar gida ta ƙi hawa, sai a sassauta tsaron gidan gaba ɗaya saboda ita. Irin waɗannan na'urori galibi zangon 2.4 GHz kawai suka sani, kuma ba su gane WPA3. Ku buɗe musu layin baƙi a 2.4 GHz da WPA2, babban layin ya zauna a yadda yake. Ko an kutsa cikin kyamarar, ba za a kai ga kwamfutarku ba.

Ku kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da lambar PIN ko danna maɓalli a maimakon kalmar sirri. Lambarsa alƙaluma 8 ce, amma rauta na tantance huɗun farko daban, ta ƙarshe kuma lissafo ta ake yi daga sauran, don haka gwaji 11,000 ya ishi mai kutse.

Yanzu ga rauta ta biyu. Idan kuka jona ta haka kawai, kowacce za ta riƙa raba wa na'urori adireshi, intanet ya riƙa yankewa, waya ta kasa ganin firinta. Ku nemi Access Point a saitinta ku kunna, shi ne yanayin da za ta yaɗa Wi-Fi kawai ta bar wa ta farko raba adireshi. In ba ta da shi, ku ba ta adireshi a jerin ta farko, misali 192.168.1.2 in ta farkon 192.168.1.1 ce, ku kashe DHCP ɗinta (mai raba adireshi), sannan ku ja kebul daga ramin LAN (na jona na'urorin gida) na ta farko zuwa ramin LAN na ta biyu, ku bar na WAN ɗinta (na shigowar intanet) fayau. Suna da kalmar sirri su zama iri ɗaya a duka biyun, tashoshin (channel) zangon 2.4 GHz kuwa su bambanta: ɗaya a 1, ɗaya a 6 ko 11.

Haɗi marar kebul ya fi wuyar sha'ani. AiMesh, tsarin Asus na haɗa rautoci su zama layi ɗaya, da rautocin Asus kaɗai yake aiki. Irin wannan haɗin tsakanin kamfanoni sai duka biyun suna da EasyMesh, ƙa'idar da kamfanoni daban-daban ke bi, kuma ku tabbatar da hakan kafin ku saya.

Ku sabunta manhajar kowace rauta daga shafin kamfaninta, wadda ta dace da lambar samfurin daidai. Kada ku cire wuta ana cikin sabuntawa, rautar na iya mutuwa murus.