Yadda Karusar Bikin Gion Ke Shan Kwana Ba Sitiyari

[Hoto: karusar katako tana juyawa a mahaɗar titi, jama'a na tafi]

Wannan bidiyon kun yi ta turo mana shi, tambayar kuma ɗaya ce: ina injin yake? Wasu sun ce akwai mota ɓoye a ƙarƙashi, wasu sun ce haɗa hoton aka yi. Jama'a, babu inji, babu sitiyari. Ku biyo mu ku gani.

Nan birnin Kyoto ne a ƙasar Japan, bikin kuwa Gion Matsuri, na wurin bautar Yasaka na addinin Shinto. Asalinsa shekarar 869, lokacin da annoba ta addabi birnin, aka kafa mashi guda 66, adadin lardunan ƙasar a wancan zamani, ana roƙon sauƙi. Yanzu watan Yuli gaba ɗaya ake yi ana biki, amma jerin gwanon karusai sau biyu ne: guda 23 ranar 17, guda 11 ranar 24.

[Hoto: magina suna ɗaure katakai]

Manyan cikinsu ana kiransu hoko. Tsayin wasu ya kai mita 25 idan aka haɗa da dogon sandan da ke kan rufin, nauyi kuma har tan 12. Kowace shekara ake harhaɗa su, da igiya zalla, ko ƙusa ɗaya ba a bugawa. Ku kalli ɗaurin nan don Allah. A ganina shi kaɗai ya isa a je kallo.

To, yanzu ga inda aka ruɗe.

[Hoto: ƙafafun karusa daga kusa]

Ƙafafun nan huɗu na katako ne, kowace ta kusa mita 2. Gaba kawai suke birgima, ba sa karkata dama ko hagu. A kan miƙaƙƙen titi idan karusa ta fara kaucewa, akwai mutanen da ke tafe a gefen ƙafafun da wani katako, su cusa shi a ƙarƙashin ƙafa, ta ɗan zame ta dawo hanya. Amma kwana sosai, wannan katakon ba zai iya ba.

Sai a tsaya cak a tsakiyar mahaɗa. Ku dubi ƙasa. Tsagaggiyar gora ce suke shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙafafun gaba. Ga bokitai sun zo, ana kwarara ruwa a kai. Gorar ta jiƙe, ta yi santsi. Masu ja, mutum arba'in zuwa hamsin, sai su kewaya da igiyoyinsu gefe, ta inda ake son a nufa.

Yanzu ido kan mutanen da ke tsaye a goshin karusar da mafici a hannu. Su biyu ne a kan hanya, a kwana sukan zama huɗu. Su ke ba da umarni. Su yi kira, su kaɗa mafici, kowa ya fizga lokaci guda.

[A bar sautin wurin: ƙarar katako, sarewa, ihun jama'a]

Kun ji wannan ƙarar? Ƙafafun gaba ba birgima suke yi ba, zamewa suke yi a kaikaice kan gorar, na baya kuma suna kusan wuri ɗaya. Kuma ba a fizga ɗaya ake gamawa ba. A tsaya, a kwashe gora, a sake jerawa, a ƙara ruwa, a sake ja. Galibi sai an yi sau uku. Bidiyon da ya yaɗu ya yanke duk wannan jiran, shi ya sa kuka ga kamar juyi ɗaya ne. Sunan aikin tsujimawashi. Duk wannan kuwa makaɗa na zaune a sama suna busa sarewa da kaɗa ganga da ƙararrawa, karusar na rangaji da su. Na kan rufi kuma aikinsu kare ta daga wayoyi da gine-gine.

[Hoto: fitilun takarda da dare]

Saura a gurguje. Dare uku kafin kowane jerin gwano ana kiransu yoiyama, ana kunna fitilu, wasu karusan har a bari ka hau. Abin nan da ake sayarwa mai kama da ƙunshin abinci, chimaki, ba na ci ba ne, a ƙofar gida suke rataye shi. Ranar 17 karusar Naginata ce kullum a gaba, tafiya ta fara da ƙarfe 9 na safe, jim kaɗan yaron da ke kanta ya sare igiyar da aka gitta a titi da takobi.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya nemi mahaɗar Shijo da Kawaramachi, ko ta Kawaramachi da Oike, tun da sassafe. Ni dai ranar 24 na fi so masa, cunkoson ya fi sauƙi. A riƙo ruwan sha da hula, don zafin Kyoto a watan Yuli mai gumi ne ƙwarai.